Damfarar Lokacin Sallah: Lissafin da Ba a Cika Yi Ba

Da zarar an ga watan azumi, sai saƙonnin bankuna su fara shigowa waya: kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada ka faɗi BVN ɗinka, ma'aikacinmu ba zai taɓa kiranka ya nemi lambar katinka ba. Gidajen rediyo su ɗauka, wani malamin ma ya ja kunne a ƙarshen tafsiri. Duk gaskiya ne, ban kuma ce a daina ba. Inda nake da shakka shi ne tunanin da ke ƙarƙashin gargaɗin, wai damfara magana ce tsakanin ɓarawo mai wayo da mutum mai sakaci, wai kuma asarar ita ce adadin da ya fita daga asusu. In aka ɗauki alƙalami aka zauna, za a ga kuɗin da aka sace layi ɗaya ne kawai a takardar, sauran layukan kuma duk a kan wanda aka cuta ake rubuta su.

Lokacin ma zaɓarsa ake yi. Daga goman ƙarshe na azumi zuwa hawan Sallah, daga kamawar Zulhajji zuwa ranar layya, da kuma makonnin ƙarshen Disamba, kuɗi na yawo fiye da kullum: zakka, kuɗin ɗinki, goron Sallah, kuɗin mota, kuɗin rago, lefen bikin da aka sa bayan Sallah. Kowa na sauri, kowa na jiran saƙo daga wani, don haka saƙon ƙarya ba ya zama baƙo a waya. Ga kuma hutu. Gwamnati kan ba da kwana biyu, in suka haɗu da Asabar da Lahadi sai ƙofar banki ta kwana huɗu a rufe. Wanda aka yashe wa asusu daren jajibere sai ya jira duk waɗannan kwanaki kafin ya zauna gaban ma'aikacin banki. Wanda ya yashe kuwa, kafin a idar da sallar Idi ya rarraba kuɗin a asusu daban-daban, ya cire a wajen masu POS.

Hukumar NIBSS, wadda ta hannunta kuɗi ke ratsawa tsakanin bankunan Najeriya, ta ce damfara ta ci sama da naira biliyan 17 a 2023, sama da biliyan 52 a 2024. Alƙaluma ne masu nauyi, amma abin da aka kai ƙara aka rubuta kawai suka ƙunsa. Matar da aka karɓe wa dubu goma sha biyar ta kuɗin atamfa, wadda ko mijinta ba ta iya gaya wa ba, ba ta cikinsu. Ina kyautata zaton irinta sun fi yawa.

A fara da inda aka fi saurin yanke wa mutane hukunci. A 2015 MMM ta shigo Najeriya. Tsarin wani ɗan Rasha ne, Sergei Mavrodi, wanda irinsa ya riga ya rushe a ƙasarsu a 1994 da dukiyar miliyoyin mutane. Alkawarin shi ne ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. A tsakiyar Disamban 2016, ana tsaka da shirin Kirsimeti, aka rufe cire kuɗi, aka ce sai bayan wata guda. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. In ka raba, kowane kai ya tashi da naira 6,000, sulusin mafi ƙarancin albashi na wancan lokaci. Wannan rabon ba ya nuna komai game da wanda ya zuba kuɗin makarantar 'ya'yansa ko jarin shagonsa gaba ɗaya, balle wanda ya ciwo bashi ya saka. Shekara takwas da 'yan watanni bayan haka, a Afrilun 2025, ba a daɗe da Ƙaramar Sallah ba, wani tsarin irinsa mai suna CBEX ya kife da masu jiran a ninka musu kuɗi cikin kwana 30. Fusatattu suka fasa ofishinsa na Ibadan suka kwashe abin da suka samu. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne abin da ya biyo baya: aka ce wa waɗanda aka cuta su sake biyan dala 100 ko 200 kuɗin tantancewa kafin a sakar musu dukiyarsu, wasu kuma suka biya.

Gane irin wannan ba ya buƙatar ilimin kwamfuta, lissafin firamare ya wadatar. Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara. In kuwa ninkawa take yi duk wata, za ta haura miliyan 409. Ba a Kantin Kwari, ba a Dawanau, ba a ko'ina ake cinikin da ke haifar da haka. A ƙasar Hausa sukan canza wa abin riga saboda sun san mutane na gudun kuɗin ruwa. Sai ka ji an ce ai noma ne, kiwon kaji ne, cinikin kirifto ne, halal ne tsantsa. To, ko a fiƙihun da aka karantar da mu a zaure, wanda ya ba da jari a juya masa ya yarda ke nan da riba da faɗuwa. Duk wanda ya yanka maka riba tabbatacciya ya ce uwar kuɗi ba za ta taɓu ba, ya fita daga ka'idar kasuwa da ta addini a lokaci guda.

Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun, ga mai kafa irin wannan tsari. Madalla. Sai dai doka ba ta ɗinke abin da ya yage a cikin gida. Ba baƙo ne ke shigar da mutum ba. Wansa ne, ko uwar adashensu, ko abokin aikinsa da ya nuna masa alat ya ce "wallahi ni na ci, sau uku ina cirewa." Shi ma ba ƙarya ya yi ba, an biya shi da kuɗin waɗanda suka shigo bayansa. Ranar da abin ya rushe, masu shi sun ɓace, shi ne ke nan a unguwa. Akwai gidajen da aka daina gaisawa, akwai adashen shekaru da ya watse, akwai auren da ya mutu a kan gwal ɗin da aka sayar ba da sanin miji ba, ko filin da aka jinginar ba da sanin mata ba. Wannan ba ya shiga rahoton kowace hukuma.

Mutane sukan rufe zancen da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. A kan MMM da 'yan'uwanta karin maganar na da ƙamshin gaskiya, ko da yake wanda hauhawar farashi ke cinye albashinsa a gaban idonsa ba lallai kwaɗayi ne ya tura shi ba. Amma a yawancin damfarar lokacin Sallah, ba da kwaɗayin mutum ake kama shi ba. Da kirkinsa ake kama shi.

Dubi yadda ake ƙwace WhatsApp. Wani ya kira ka da sallama da ladabi, ya ambaci sunan ƙungiyar da kake ciki, ta tsofaffin ɗalibai ko ta masallaci, ya ce akwai taro ta intanet bayan Isha'i, an turo maka lamba shida, ka karanto masa ya sa ka a jerin mahalarta. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa, ya shige, kai ka fita. Daga nan sai 'yan'uwanka su fara ganin saƙo da sunanka da hotonka: "Don Allah ina asibiti da yaro, manhajar bankina ta ƙi buɗewa, tura dubu talatin a wannan asusun, gobe in sha Allahu zan mayar." Ƙanwarka da ta tura ba riba take nema ba. Zumunci ta yi. Kai kuma da ba ka ci ko kwabo ba, sai ka kwana da nauyin ko ka biya ta ko ka bar ta da asara.

Haka zancen tallafi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta sanar da rabon naira 25,000 kowane wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Tun da akwai na gaskiya, na ƙarya ya samu wurin fakewa. Duk azumi sai ka ga saƙo na zagaye: tallafin Ramadan daga gwamnati, ko daga wani attajiri, ko daga wata ƙasar Larabawa, danna nan ka cike, ka tura wa mutum goma. Shafin zai nemi BVN, da lambobin gaban kati, da ukun da ke baya, sannan lambar da banki zai turo maka a waya. Wanda zai ba ka kuɗi, lambar asusunka kaɗai yake buƙata. Duk abin da ya wuce wannan na mai cira ne. Shafukan gwamnatin Najeriya kuma da .gov.ng suke ƙarewa.

Ga kuma wayar da ake zarewa a cunkoson filin Idi, ko wajen kallon hawan daushe, ko a tasha. Da can asarar ita ce kuɗin wayar. Yanzu layin ya fi wayar tsada, don shi ke ɗaure da BVN, ta kansa banki ke turo lambobin tabbatarwa, a cikin tsofaffin saƙonni kuma ga lambar asusu. Da shi ake sayen kati, a tura kuɗi, har a ciwo bashi a manhajojin ba da rance da sunan mai layi, wata guda bayan haka a fara kiran surukansa ana ce musu ya gudu da kuɗin mutane. Maganin wannan kyauta ne: a sa wa layin kansa lambar sirri, ba makullin fuskar waya kaɗai ba, a kunna tabbatarwa mai hawa biyu a WhatsApp, a kuma tambayi banki tun kafin hutu lambar da ake dannawa daga kowace waya a toshe asusu, a rubuta ta a takarda. Waɗannan ukun ban ga abin shakka a cikinsu ba. Mamakina shi ne yadda ba a koya wa mutum su ranar da aka buɗe masa asusu.

Ya kamata a tuna yadda aka shigo da jama'a wannan harka. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannu. Mai shayi, mai kayan miya, tsohuwa mai ƙosai, Bafulatanin da ya kawo saniya kasuwa, duk aka tilasta musu karɓar tiransifa cikin 'yan makonni. Da yawansu ba sa karanta boko, saƙon banki kuma da Turanci yake zuwa. Wasu yaron shago ne ya buɗe musu asusun, shi ya zaɓa musu lambar sirri, shi ke duba musu ko kuɗi ya shigo. Mutumin da dole sai ya miƙa katinsa ya faɗi lambarsa da baki kafin a cire masa kuɗi, gargaɗin kada ya gaya wa kowa lambar sirri bai san halin da yake ciki ba.

Yanzu a ƙirga kuɗin bin sawu. A ce tela ne aka kwashe wa naira 80,000 ana saura mako guda Sallah. Zai bar keke ya tafi banki ya bi layi. Za a ce ya rubuto ƙorafi, ya kawo rahoton 'yan sanda, wani lokaci da takardar rantsuwa daga kotu. In kuɗin sun faɗa wani bankin, ana iya ce masa sai da umarnin kotu za a taɓa asusun da suka shiga. Ka'idar Babban Banki ita ce a ba bankin mutum mako biyu ya warware ƙorafi kafin a ɗaukaka shi zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna. Mako biyun nan su ne kakar telan. Kowane yini da ya yi a layi, ɗinkin mutane ne ke kwance, alkawari ne ke karyewa, mai kaya ne ke rantsuwa ba zai sake kawo masa ba. Ga kuɗin mota, ga na buga takardu, ga abin da ake miƙawa don fayil ya motsa. Telan da ya lissafa ya ce "na bar wa Allah" ba wauta ya yi ba. Amma haƙurinsa na nufin asusun da ya karɓi kuɗin zai ci gaba da karɓar na wasu. A daidai wannan gaɓar ne kuma wani zai ɓullo a Facebook ya ce shi ƙwararre ne wajen dawo da kuɗin da aka sace, a ba shi kafin alƙalami. Sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo zagaye na biyu.

Akwai masu biyan da ko a labarin ba a sa su. Ɗan damfara ba ya ajiye kuɗi, kaya yake saya da su ko ya karɓi tsaba. Mai POS ya ba shi kuɗi hannu, ɗan kasuwar Singa ya loda masa katan-katan, bayan kwana biyu ƙorafi ya iso, banki ya toshe asusun wanda kuɗin suka sauka a wajensa. Jarinsa duka ya maƙale a tsakiyar kasuwar Sallah a kan cinikin da ya yi da zuciya ɗaya. Sai kuma samarin da ake ba 'yan dubbai su ba da aron asusunsu, ko su buɗe sabo da NIN ɗinsu su miƙa. Ranar da EFCC ta bi sawu, sunan da ke kan asusun za ta tarar.

Taka-tsantsan ɗin ma ba kyauta ba ne, kuma masu wa'azinsa ba sa son faɗin haka. An ce wa ɗan kasuwa kada ya yarda da saƙon alat ko hoton rasit, sai ya buɗe manhaja ya ga kuɗi sun zauna. Daidai ne, don alat na bogi ya yi yawa. Amma a makon Sallah sabis kan yi nauyi, kuɗin gaskiya ma kan yi awa bai iso ba. Mai saye na tsaye, bayansa mutum biyar na jira, ga shi dattijo ne, ya ce "yanzu ni ne ba ka yarda da ni ba?" A al'adar da kunya ke da daraja, riƙe kaya a gaban babba abu ne mai ciwo, kuma 'yan damfara da wannan kunyar suke aiki: babbar riga, carbi, mota a bakin shago. Ɗan kasuwa zai rasa wasu masu saye na gaskiya saboda jira. Na auna, har yanzu jiran ya fi araha, amma a daina cewa ba ya cin komai.

Cinikin hoto ma haka. Ragon da aka ɗauka a kasuwar Wudil ko Maigatari ko Illela, hotonsa na iya zama a shafi goma, kowanne da farashin da ya karya na kara, a biya rabi yanzu, mota na tasowa jajibere. Shadda da leshi da takalman yara duk haka. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada a biya sai kaya sun iso. To, dubban matan aure da ke sana'a daga ɗakunansu ta WhatsApp da Instagram fa? Su ma ana cutarsu, a karɓi kaya a kashe waya. Kowace 'yar damfara ɗaya da ta gudu da kuɗin lefe ta rage wa masu gaskiya da yawa ciniki. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a nemi ganin kayan kai tsaye ta kiran bidiyo, a duba ko sunan asusu ya dace da na mai shagon, in kuɗin da yawa a tura wani na garin ya gani da ido. La'adar dillalin da aka sani ta fi asarar rago sauƙi.

A harkar Hajji, lissafin ya wuce kuɗi. Kujera ta hukuma ta haura naira miliyan 8 a 2025, don haka duk wanda ya zo da rabin farashi zai samu masu saurare. Abin da yakan bayar bizar ziyara ce, wadda ba ta halatta shiga aikin Hajji. A Hajjin 2024, Saudiyya ta ce sama da mutum 1,300 sun rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 kuma ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba su da motar hukuma. Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan haka. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora da hana shiga ƙasar na shekaru. Hanya a Najeriya ita ce hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, ko kamfanin da NAHCON ta ba lasisi, kuma ana iya tambayar hukumar kafin a biya ko sisi.

Asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta sadaka. Hoton yaro a gadon asibiti, gidan marayu da ba shi da ƙofa, rijiyar da aka tara wa kuɗi sau uku. Wanda aka cuta sau ɗaya da sunan Allah, gobe in mabuƙaci na gaskiya ya zo sai ya kawar da kai. Maras lafiyar da ke kwance da gaske shi ke biyan wannan, shi da bai san an yi ba. Wanda ke son ladansa ya isa inda ya nufa, ya kira asibitin, ko ya biya a wurin karɓar kuɗinsu, ko ya ba wanda zai iya takawa ya gani.

To ina rabon bankuna da kamfanonin kuɗi na waya a wannan lissafi? Kowace naira da aka sace ta tiransifa a wani asusu ta sauka, wani kamfani ne ya buɗe shi, ya ce ya san mai shi. A Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin masu asusu na wasu makonni, har sai sun ƙara tsaurara tantancewa. Ashe in an so a matsa, ana iyawa. Birtaniya ta wuce nan: tun daga 7 ga Oktoba, 2024, wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, a mafi yawan lokuta dole a mayar masa har zuwa fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba biyan biyu. Ana iya gardama cewa irin wannan doka za ta sa wasu sakaci, wasu ma su haɗa baki su yi ƙaryar an cuce su, kuma gardamar ba banza ba ce. Amma bankin da ya san zai biya rabi ba zai bar asusun da aka buɗe jiya ya karɓi kuɗi daga mutum hamsin a daren Sallah bai tsayar da shi ba. Zai sa mai ɗaukar waya da Hausa ranar Idi. Zai riƙa faɗin nawa ya dawo wa mutane da shi, ba nawa aka sace kaɗai ba.

A Najeriya kuwa, inshorar NDIC, da aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, tana aiki ne in banki ya durƙushe. Ba ta shafi wanda aka yaudara ba. Ƙanwar nan da ta tura dubu talatin don ceton ɗan wanta, ita za ta ɗauki dubu talatin ɗin, da kuɗin motar zuwa banki, da yinin da ta rasa, har da kuɗin turawa da aka cire mata a kan kuɗin da aka sace.